Wai me ya sa fim ɗin Usher bai bi labarin Poe ba?

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya, ya ce ya karanta The Fall of the House of Usher na Edgar Allan Poe saboda kwas ɗin adabi da yake yi, sai ya nemo tsohon fim ɗin nan na 1960 wanda Vincent Price ya fito a ciki don ya ƙara ganewa, sai ya tarar an cuso wani saurayi da ya zo biyo budurwarsa wanda babu shi a labarin, ga kuma gobara a ƙarshe ita ma babu ita. Ya ce wai wannan ba cin amanar marubuci ba ne? Kuma in zai ci gaba da kallon irin waɗannan tsofaffin finafinan ban tsoro, daga ina zai fara?

To malam, abin da ka gani haka yake, ba kuskuren kwafi ba ne, kuma ba Usher kaɗai aka yi wa haka ba. Na daɗe ina koyar da wannan fanni na yadda ake mayar da littafi fim kuma kusan duk shekara sai an yi min wannan tambayar, yawanci ma da fushi. Amsar a gajarce ita ce labaran Poe ba su isa fim ba, ba wai don ba su da kyau ba, a'a, tsawonsu ne bai kai ba, kuma abin tsoron da ke cikinsu a cikin kan mutum yake faruwa, ita kuwa kyamara ba ta shiga kai. Duk wanda zai yi fim da Poe dole ya yi ciko, sai dai a duba a ga cikon nasa ya dace ko ya yi shirme.

Ka koma ka ƙirga abin da ya faru a labarin da ka karanta, wanda ya fito a 1839. Wani mutum da ko sunansa ba a faɗa mana ba ya samu wasiƙa daga abokinsa na yarinta Roderick Usher, ya hau doki ya je, ya tarar da tsohon gida a bakin wani kududdufi mai baƙin ruwa, da wata siririyar tsaga da ta taso tun daga rufi har ƙasa. Roderick ba shi da lafiya, komai ya yi masa yawa, haske na ƙona masa ido, ƙara na azabtar da shi, abinci sai marar ɗanɗano, tufafi sai wani irin yadi na musamman. 'Yar'uwarsa Madeline, tagwayensa ce, sau ɗaya aka hango ta ta gifta ta can ƙarshen ɗaki ko uffan ba ta ce ba. Sai aka ce ta mutu, suka sa ta a akwati suka kai ɗakin ƙarƙashin ƙasa suka rufe ƙofar ƙarfe. Bayan kwana bakwai ko takwas, cikin dare ana iska, ta fito jina-jina ta faɗa kan ɗan'uwanta suka mutu tare, baƙon ya ruga a guje, gidan ya dare biyu ya nutse a ruwa. Shi ke nan fa. In ka ɗauki wannan yadda yake ko minti ashirin da biyar ba za ka cika ba, kuma rabinsa mutum biyu ne zaune a ɗaki ɗaya yana karanta wa ɗaya littafi.

Kafin in wuce, akwai abin da mu yake mana wuyar shiga rai a labarin nan. Mu in mutum ya rasu wanka, likkafani, salla, a kai shi makwancinsa a ranar. Su kuwa manyan gidajen Turawa na da, ɗaki ne guda ko gini na musamman suke jera akwatunan gawarwakin kakanninsu, wani lokaci ƙarƙashin gidan da suke kwana. Kuma a zamanin Poe mutane na matuƙar tsoron a binne su da rai saboda doguwar suma, har akwai masu ƙera akwati mai igiya da ƙararrawa wai in ka farfaɗo ka ja. To doguwar suman nan ita ce ciwon Madeline. In ba ka riƙe wannan ba za ka ga kamar fatalwa ce ta dawo, alhali mace ce mai rai da ta kwana bakwai tana kankarar murfin akwati, kuma ɗan'uwanta da kunnensa ke jin komai yana jin ta tun da ta fara motsi bai yi magana ba. Nan ne tsoron yake.

Yanzu ga yadda aka yi fim ɗin. Roger Corman, darektan fim ɗin, a lokacin yana yi wa wani ƙaramin kamfani aiki, American International Pictures, na James Nicholson da Samuel Arkoff. Sana'arsu ita ce finafinai masu arha marasa kala, a ɗauka cikin kwana goma, a haɗa biyu a nuna wa matasa da tikiti ɗaya. Corman ya ce musu maimakon biyun nan ku haɗa min kuɗin in yi guda ɗaya mai kala mai faɗin allo cikin kwana 15, kuma Poe zan yi. Dabarar a nan Poe ya mutu tun 1849, babu magajin da za a biya ko sisi, kuma duk yaron da ya yi makaranta a Amurka ya san sunan. Arkoff ya tambaye shi to ina dodon, tun da su da dodo suke sayar da fim, Corman ya ce gidan ne dodon. Shi da kansa ya sha ba da wannan labarin, kuma in ka lura a fim ɗin akwai inda Price ke cewa gidan na da rai yana numfashi, don a cika wa furodusa alƙawari aka sa.

Wanda ya rubuta fim ɗin Richard Matheson ne, shi ma marubucin littattafai ne ba ɗan koyo ba. Matsalar da ya tarar ita ce baƙon nan na Poe ba ya son komai, ba ya hana komai, ɗan kallo ne kawai. A takarda wannan ba laifi, ta idonsa kake gani. A fim kuwa in babu wanda ke son wani abu da wani ke hana shi, mutane za su fara hamma. Shi ya sa ya mayar da shi Philip Winthrop, saurayin Madeline da ya taho daga Boston zai tafi da ita, Roderick kuma ya ce ba ta fita, jinin gidansu gurɓatacce ne, kakanninsu ɓarayi ne da makasa da masu fataucin bayi, gara zuri'ar ta ƙare a kansu. Kaga yanzu an samu rigima. Kuma mutum huɗu ne kacal masu magana a fim ɗin gaba ɗaya, su ukun nan da tsohon baran gidan Bristol.

Akwai sin ɗaya da nake tsayar wa ɗalibai duk lokacin da na nuna shi. An kwantar da Madeline a akwati a ɗakin ibadar gidan, murfi a buɗe, Philip ya sunkuyar da kai yana addu'a, Roderick na tsaye. Sai yatsun gawar suka ɗan motsa. Roderick ya gani, mu ma mun gani, Philip bai gani ba. Sai kawai ya yi sauri ya rufe murfin. Wallahi ranar farko da na nuna wannan a aji wata ɗaliba sai da ta ce innalillahi da ƙarfi. A labarin Poe babu wannan, can sai a ƙarshe Roderick ke furta cewa ya daɗe yana jin motsinta. Matheson ya ɗauko abin da ke ɓoye cikin kan mutumin ya ɗora shi a kan yatsa da murfin akwati inda kyamara za ta iya gani. In wannan ne cin amana to ni ina so a riƙa ci.

Gobarar kuwa gaskiyarka, wannan harkar kasuwa ce da kuma arha.  Corman ya samu labarin za a rushe wani tsohon rumbun gona, ya biya aka bar shi ya cinna masa wuta ya ɗauka, kuma wannan hoton katakon rufi na ruftowa cikin wuta ya yi ta maimaita shi a finafinan da suka biyo baya, in ka kalli uku a jere za ka gane shi kamar tsohon maƙwabci. Haka farkon fim ɗin inda Philip ke ratsa ƙonannen daji a kan doki, gobarar daji aka yi a tsaunukan Hollywood, ya kwashi kyamara da doki ya je washegari. Shi ne kusan kawai wurin da aka fita waje, sauran duk cikin sitidiyo ne, ga hayaƙi a ƙasa, ga jan kyandir, ga yanar gizo, ta gizo-gizo fa ba ta intanet ba. Floyd Crosby ne ya riƙe kyamara, Daniel Haller ya haɗa ɗakunan. Shi kuma Price ya aske gashin bakinsa ya rine gashin kansa fari fat, yana magana ƙasa-ƙasa kamar muryarsa ma ciwo take sa masa. Fim ɗin ya yi kasuwa sosai, a 2005 ma gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin finafinan da ake adanawa na ƙasa.

Da suka ga ya karɓu sai aka ce a ƙaro. Takwas Corman ya yi daga 1960 zuwa 1964, kuma kowanne da irin cikon da aka yi masa. The Pit and the Pendulum na 1961 shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Labarin Poe na 1842 mutum ɗaya ne a kurkukun kotun coci ta Sifen a garin Toledo, cikin duhu, yana laluben bango yana auna ɗakin, ya yi tuntuɓe ya faɗi dab da bakin rami, ya farka an ɗaure shi a kan katako wata ƙatuwar wuƙa mai lilo kamar ta tsohon agogon bango tana saukowa kaɗan-kaɗan saitin ƙirjinsa, ya shafa maiƙon naman da aka ajiye masa a jikin igiyar ɓeraye suka cinye ta ya kuɓuta, sannan bangon ƙarfen ya yi ja da zafi yana matso shi zuwa ramin, sai sojan Faransa suka shigo garin aka fizgo shi. Babu hira ko ɗaya, babu mace, babu mugun da ake gani. To yaya za ka yi minti tamanin da wannan? Abin da suka yi shi ne suka ajiye wuƙar sai ƙarshe, suka gina sabon labari gaba ɗaya a gabanta, na wani Nicholas Medina ɗan mai azabtar da mutane, da matarsa da ake ce ta mutu, Barbara Steele ce ta fito a matar. Ba zan ɓata maka ƙarshen ba, amma hoton ƙarshe na fim ɗin, idanu biyu ne kawai, ya fi wuƙar tsayawa a rai. Kuma abin da Matheson ya yi cikon da shi ba daga waje ya ɗebo ba, binnewa da rai, matar da ta mutu ba ta mutu ba, ɗa da ke tsoron ya gaji haukan uba, duk kayan Poe ne daga wasu labaran nasa.

Wasu kuwa sunan kawai aka ara, wannan ba zan kare su ba. The Raven na 1963 waƙa ce ta baƙin ciki ta 1845, mutum na makokin masoyiyarsa hankaka na maimaita masa kalma ɗaya, suka mayar da ita barkwanci na matsafa uku, Price da Boris Karloff da Peter Lorre, har da Jack Nicholson yana saurayi. Yana da daɗin kallo amma ba Poe ba ne. The Haunted Palace ma na shekarar ya fi shi rashin kunya, labarin na H. P. Lovecraft ne, kamfani ya ɗauko sunan wata waƙar Poe ya manna don sunan ke sayarwa. The Premature Burial na 1962 shi kaɗai ne babu Price, Ray Milland ne, saboda Corman ya fara shi ne da wani kamfani daban alhali Price na ƙarƙashin kwantiragin su Arkoff.

Wanda ni na fi ɗauka a sama shi ne The Masque of the Red Death na 1964. Labarin asali bai fi wannan amsar tawa tsawo da wani abin kirki ba. Wata annoba da ake kira jan mutuwa na cin talakawa, jini na tsattsafowa ta fata mutum ya mutu cikin rabin awa, yarima Prospero ya kwashi fadawansa dubu suka shige wani gini suka narke sakatar ƙofa, suna ta shagali a ɗakuna bakwai kowanne da launinsa, na ƙarshe baƙi mai jan gilashi da wani agogo da in ya buga sai makaɗa su tsaya cak, har wani baƙo ya bayyana cikin shigar gawa. A Ingila aka ɗauki fim ɗin, aka samu ragowar manyan ɗakunan da aka gina wa fim ɗin Becket, Nicolas Roeg ya riƙe kyamara, shi ya sa in ka gan shi za ka rantse an kashe ninkin abin da aka kashe. Cikon a nan sun mayar da Prospero mai bautar shaiɗan da ke son ya lalata imanin wata 'yar ƙauye, sannan suka ɗinka wani labarin Poe ɗin daban, Hop-Frog, na wadan da ya rama wulaƙanci ta hanyar sa wa sarki da fadawansa bakwai kayan goggon biri ya rataye su ya cinna musu wuta. Wanda ya kalle shi bayan zaman kullen korona zai ga abin da wani ido daban. Shi kansa Poe tarin fuka ne ya kashe mahaifiyarsa yana ƙarami, ya kuma kashe matarsa Virginia a 1847, kuma a shekarar da ya rubuta labarin nan ne ta fara tarin jini, to jan mutuwar nan ba daga sama ya ƙago ta ba.

Kar kuma ka ɗauka Poe kaɗai aka yi wa. Dodon Frankenstein da kowa ya sani, mai shafaffen kai da ƙusa a wuya yana gurnani, na fim ɗin James Whale ne na 1931, Karloff ya fito, Jack Pierce ya yi masa kwalliyar. A littafin Mary Shelley na 1818 halittar nan tana magana tiryan-tiryan, ta koyi karatu, tana zama ta yi wa wanda ya haɗa ta muhawara kan me ya sa ka yi ni ka gudu ka bar ni, kuma Frankenstein sunan wanda ya haɗa ta ne ba nata ba. Dracula na Bram Stoker na 1897 tsoho ne mai farin gashin baki kuma yana yawo da rana a Landan, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Maganar rana na kashe shi daga Nosferatu ta samo asali, fim ɗin Jamus na 1922 da Murnau ya yi ba da izini ba, matar Stoker ta kai ƙara kotu ta ce a lalata duk kwafin, Allah ya sa wasu suka tsira. Fim ɗin Dracula na 1931 kuma da Bela Lugosi ya fito daga wasan dandamali aka ɗauko shi ba kai tsaye daga littafin ba, shi ya sa rabinsa mutane ne tsaye a falo suna magana. Sai kamfanin Hammer na Ingila ya zo a 1957 da 1958 ya sake su biyun da kala, Peter Cushing da Christopher Lee, jini ja wur, kuma ganin kuɗin da Hammer ke samu na cikin abin da ya sa su Arkoff suka yarda da shawarar Corman.

Maganar inda za ka fara, tun da ka riga ka ga Usher to ka bi da Pit and the Pendulum sannan Masque, a haka a jere, kuma kowanne ka karanta labarin tukuna, ba zai ci maka awa ɗaya ba. In kana son ka ga wanda ya bi littafi sau da ƙafa kuma bai mutu ba, nemi The Innocents na 1961, Deborah Kerr, daga The Turn of the Screw na Henry James, da The Haunting na 1963 na Robert Wise daga littafin Shirley Jackson. Su biyun marasa kala ne, kuma sun iya bin littafi ne saboda littattafan suna da tsawo da mutane da rigima tun asali, ba su buƙaci ciko ba. A The Haunting ba za ka ga fatalwa ko sau ɗaya ba, bugun ƙofa ne kawai da ƙofar katako da ke kumbura tana lotsawa kamar ana tura ta daga waje, amma ni har yau ba na kallonsa ni kaɗai.

Abu ɗaya zan roƙe ka, kar ka kalle su a waya da rana kana amsa saƙo. Usher da Pit masu faɗin allo ne, da yawan kwafin da ke yawo an yanke gefe da gefe, sai ka ga Price na magana da bango alhali akwai mutum tsaye a wurin da aka yanke. Nemi cikakken kwafi, ka kashe fitila, ka sa abin kunne saboda rabin aikin a sauti yake. Kuma tun da jarrabawa za ka rubuta a kan labarin, ka kiyaye kar hannunka ya rubuta Philip Winthrop ko gobara, na taɓa cire wa ɗalibai maki a kan haka ba sau ɗaya ba.